Binciken Mutuwar Yara Da Na'urar Ɗaukar Hoto: Amfaninsa Da Wahalolin Kafa Shi

A cikin watan Mayu na shekarar 2015 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwa cewa yara 28 sun rasu a ƙauyen Shikira da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi, cikin Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, daga cikin mutum 65 da suka kamu da wata cuta mai sa jijjiga da suma. Dukan waɗanda suka rasu ba wanda ya kai shekara biyar da haihuwa. Da aka gwada jinin waɗanda suka saura da rai sai aka tarar gubar dalma ce, wadda ke fitowa daga duwatsun da ake daka ana niƙawa a cikin gidaje domin neman zinariya. Shekara biyar kafin wannan, watau a 2010, irin wannan masifa ta auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, inda yara fiye da 400 suka halaka. A ƙauyuka biyu kaɗai, Dareta da 'Yargalma, masu bincike sun tarar yara 118 sun mutu cikin shekara guda daga cikin 463, watau ɗaya cikin kowane huɗu.

Abin lura a nan shi ne, a Zamfara an yi watanni ana binne yara kafin a gane abin da ke kashe su. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu suka ce iska. Aka yi ta ba da maganin da ba na cutar ba. Da a ce an binciki gawar yaro na uku ko na biyar, aka san abin da ya kashe shi, da wataƙila ba a kai ga haƙa kabari na ɗari ba.

Saboda haka ne aka shirya wannan ɗan littafi, domin a bayyana wa jama'a wata hanya ta binciken musabbabin mutuwar yaro ba tare da an feɗe gawarsa ba, watau ta ɗaukar hoton cikin jiki da na'ura, a kuma faɗi gaskiyar abin da hanyar za ta iya da abin da ba za ta iya ba, da irin wahalolin da ke gaban duk wanda ya tashi kafa ta a ƙasarmu.

Dalilin da ya sa ake bincike

Kowane mai imani ya sani rai da ajali a hannun Allah suke. Amma sanin haka bai hana a nemi sanin sababi ba, kamar yadda manomi ya san Allah ne mai ba da amfanin gona, duk da haka in dawarsa ta bushe tana tsaye sai ya tona saiwar ya ga ko gara ce. Binciken Lafiyar Al'umma na Ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 132 ba su kan kai shekara biyar ba. Binciken da ya biyo baya na 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ya sauko zuwa 110. Da yawa daga cikin waɗannan yara a gida suke rasuwa, ba likitan da ya gan su, ba takardar da aka rubuta. Alhali kuwa tun 1992 akwai dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. To, gwamnatin da ba ta san abin da ke kashe 'ya'yan talakawanta ba, yaya za ta san maganin da za ta saya, ko rigakafin da za ta gabatar, ko rijiyar da za ta rufe?

Akwai kuma dalili na shari'a. Yaro yakan mutu farat ɗaya a hannun kishiyar uwarsa, ko a hannun mai raino, ko a makarantar kwana, ko a gidan da aka kai shi aikatau. Nan da nan sai zargi ya tashi. Wani lokaci zargin gaskiya ne, amma a rufe maganar saboda kunya ko zumunci, mai laifi ya tsira, ƙanen mamacin ya ci gaba da zama a hannunsa. Wani lokaci kuwa ƙarya ce tsagwaronta, a ɗora wa wata tsohuwa maita, ko a kori matar da ba ta ji ba ba ta gani ba, gida ya watse. A duka biyun abin da aka rasa shi ne hujja.

Tsohuwar hanyar samun wannan hujja ita ce likita ya buɗe gawa ya dubi kayan ciki da ƙwaƙwalwa. A jihohin Arewa dokar binciken mutuwa, wadda aka gada tun zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, ta ba majistare ikon ya ba da umarnin yin haka in mutuwa ta zo da shakka. Amma kowa ya san yadda jama'armu ke ƙyamar abin. Musulmi yana gaggauta binne mamacinsa, kuma an rawaito hadisi da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Kirista ma, da mai bin al'adar gargajiya, ba wanda zuciyarsa za ta so a sa wa jaririnsa wuƙa. Ya kamata dai a sani manyan malamai sun duba wannan mas'ala. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1976, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a 1987, duk sun halatta buɗe gawa in ana binciken laifin kisa ko ana neman gane wata annoba domin a tsare jama'a. Sai dai fatawa daban, zuciyar uwa daban. Wannan ne ya sa likitoci suka shiga neman hanyar da za a duba cikin gawa ba tare da an yanka ta ba.

Yadda na'urorin suke aiki

Na farko, kuma wanda kowa ya sani, shi ne hoton eksire, wanda wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Shi ƙashi yake nunawa sosai. Tun a 1946 wani likitan Amurka, John Caffey, ya lura da jarirai masu tarin jini a cikin ƙoƙon kai tare da karaya a ƙasusuwan hannu da ƙafa, abin da daga baya aka gane alamar duka ce ko girgizawa da ƙarfi. Daga nan aka fito da tsarin ɗaukar hoton ƙasusuwan yaro kaf, tun daga kai har yatsun ƙafa, gaɓa bayan gaɓa. Gwanin karanta hoto yana iya bambanta sabuwar karaya da wadda ta yi makonni tana ɗinkewa. In aka ga haƙarƙarin jariri da karaya uku, kowace da lokacinta, to, maganar cewa jiya ne ya faɗo daga gado ba za ta tsaya ba.

Na biyu ita ce na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila, aka fara gwada ta a kan majinyaci a London a 1971. Ita ma da hasken eksire take aiki, amma tana zagaya jiki tana ɗaukar hoto gunduwa-gunduwa, kamar yadda ake yanka rake, sa'an nan kwamfuta ta harhaɗa su. Cikin 'yan mintoci an gama da gawar yaro, ko da tana naɗe cikin mayafi. Tana nuna fashewar ƙoƙon kai, da zubar jini a ƙwaƙwalwa, da iskar da ta taru inda bai kamata ba, da harsashi ko allura ko tsabar kuɗin da yaro ya haɗiye.

Na uku ita ce MRI, mai aiki da ƙarfin maganaɗisu. Ta fi sauran nuna sassa masu taushi, kamar ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda, musamman ga ɗan tayi da jaririn da aka haifa da naƙasa a ciki. Amma tana da jinkiri, takan ci kusan sa'a guda, ga tsada.

Wajen shekarar 2000 likitocin Jami'ar Bern a ƙasar Suwizalan suka tsara yin amfani da waɗannan na'urori a kan gawa bisa ƙa'ida. A Ingila kuwa Yahudawa da Musulmin birnin Manchester na cikin waɗanda suka fara matsa wa hukuma lamba a riƙa ɗaukar hoto maimakon yanka, saboda addinansu biyu sun haɗu a kan gaggauta binnewa da girmama gawa.

Abin da hoto ba ya gani

Nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin 'yan kasuwar na'urori ba su cika faɗin wannan ba. A 2013 aka buga sakamakon wani babban bincike da likitocin London suka yi, ciki har da na asibitin yara na Great Ormond Street. Sun ɗauki gawa 400, na 'yan tayi da jarirai da yara. Kowace aka yi mata hoton MRI tare da gwajin jini da makamantansa, sa'an nan wani likita dabam ya buɗe ta, aka gwama sakamakon biyu. A jimlace sun dace a kashi 89 cikin ɗari. Ga 'yan tayi dacewar ta kai wajen kashi 95. Amma ga yaran da suka wuce shekara guda, 15 kaɗai suka dace daga cikin 28, watau rabi da ɗan ɗoriya. Abin da hoton ya fi kuskurewa shi ne cututtukan da ƙwayoyin cuta ke kawowa, irin su ciwon huhu da kumburin tsokar zuciya da ƙwayar cuta a cikin jini.

To, a ƙasarmu me ya fi kashe yara? Zazzaɓin cizon sauro, da ciwon huhu, da gudawa, da sanƙarau, da ƙyanda, ga tamowa tana taimaka musu. Ashe ke nan cututtukan da suka fi yi mana ɓarna su ne waɗanda na'urar ta fi rauni a kansu.

Guba ma haka. Mu koma Shikira. Da an sa yaran nan a na'urar CT, iyakar abin da za a gani shi ne ƙwaƙwalwa ta kumbura, abin da sanƙarau da zazzaɓi mai tsanani su ma suke yi. Gaskiya ne hoton eksire yakan nuna wani farin layi a ƙarshen ƙashin yaron da ya daɗe yana shan dalma, wani lokaci har da ɓurɓushinta a cikin hanji, amma wannan ishara ce kawai. Abin da ya tabbatar da cutar ɗigon jini ne, kuma akwai 'yar na'urar gwajinsa da ake ɗauka a hannu a shiga da ita ƙauye. Haka nan a 2008, sa'ad da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya halaka yara 84 a Ikko da Badun da Zariya da wasu wurare, ɗakin gwaje-gwaje ne ya gano gubar da ke lalata ƙoda a cikin kwalbar. Irin wannan ta sake faruwa a Gambiya a 2022, inda maganin tari ya kashe yara wajen 70.

Misali daga Gidan Kwano

Domin a ga wahalolin a zahiri, bari mu buga misali da wuri guda a cikin ita Jihar Nejan. Gidan Kwano ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Bosso, a bakin hanyar da ta tashi daga Minna zuwa Bida, kuma a nan ne babban mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna yake, wadda aka kafa a 1983. Ba lungu ba ne. Akwai hanyar mota, akwai masu ilmi, babban birnin jiha yana kusa. In abu ya yi wuya a nan, to, a Shikira sai ya ninka.

Mu ƙaddara wani yaro ɗan wata takwas ya kwanta lafiya a wani gida na wannan yanki, da asuba aka tarar ya cika. Wahala ta farko ita ce lokaci. Kafin hantsi an yi masa wanka, an sa likkafani, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Duk tsarin da zai ce wa uban ya jira kwana uku ya rushe tun ba a fara ba. Lalle ne a sami wanda za a kira a kowace sa'a, da motar da za ta ɗauki gawar, da ma'aikacin da zai ɗauki hoton nan take, a mayar wa iyaye da ɗansu a ranar. Ba ma don al'ada kaɗai ake wannan gaggawa ba. A watan Maris da Afrilu zafin Minna yakan kusa awo 40, kuma a irin wannan zafi gawa takan fara canjawa cikin sa'o'i kaɗan. Iska takan taru a jijiyoyin hanta da zuciya, ruwa ya kwanta a huhu, ƙwaƙwalwar jariri ta yi laushi. Duk waɗannan suna fitowa a hoto kamar cuta. In kuwa za a jinkirta, sai da ɗakin ajiye gawa mai sanyi wanda wutarsa ba ta ɗaukewa.

Ga mu ke nan a kan maganar wuta. Jihar Neja ce ke da madatsar Kainji ta 1968, da Shiroro ta 1990, da sabuwar Zungeru, ga ta Jebba a kan iyakarta, amma mutumin Minna ya san janareto kamar yadda mutumin Kano ya san shi. Na'urar CT ba ta jure wuta mai hawa da sauka. Ɗaukewa guda a tsakiyar aiki tana iya ƙona kwan da ke fid da hasken, wanda ba a ƙera shi a ƙasar nan, sai an aika waje da kuɗin waje, a jira watanni. Babbar MRI ta fi wannan ma shagwaɓa, domin maganaɗisunta yana zaune ne cikin wani ruwa mai tsananin sanyi da ake kira hiliyam, in na'urar sanyayawa ta tsaya kwanaki sai ya tsere. Wani ƙidaya da aka buga a 2018 ya tarar na'urorin MRI 84 ne a Afirka ta Yamma duka, 58 daga ciki a Nijeriya, mafi yawansu ƙanana masu ƙarancin ƙarfi, kuma sun taru ne a manyan birane. Sau da yawa a ƙasar nan akan sayi na'ura da biki, a yanke ƙyalle, a buga a jarida, amma ba a ware ko kwabo na gyara ba. Bayan shekara biyu sai ka ga an lulluɓe ta da zane. A ganina nan ne jami'a irin ta Gidan Kwano take da babban rabo a wannan aiki, ko da ba ta taɓa gawa ba, domin asibitocinmu suna bukatar injiniyoyin lantarki da masana kimiyyar haske da na kwamfuta da za su riƙa kula da waɗannan na'urori, a daina jiran wani ya taso daga Turai ya ɗaure ƙusa.

Sai kuma tambayar da ba a son yi a fili: na'urar wa za a yi amfani da ita? Inda asibiti ke da CT guda ɗaya, masu haɗarin mota da masu shanyewar jiki suna layi a ƙofarta. Ba mai hankalin da zai ce a tsai da mai rai a shigar da mamaci. A ƙasashen da suka yi nisa akan ɗauki hoton gawa da dare ko da sassafe, a shigo da ita ta wata ƙofa, a naɗe cikin jaka mai hana yoyo, a goge gadon da magani bayan an gama. Wannan yana bukatar ma'aikacin dare, da kuɗin aikin dare, da yardar shugabannin asibiti, waɗanda ke tsoron kada labari ya bazu a gari cewa gadon da ake kwantar da gawa a kansa ake kwantar da masu rai. Kowane ɗakin da za a kafa irin wannan na'ura kuma sai ya sami lasisi daga Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2001, a tabbatar bangonsa yana tare hasken. Mamaci dai haske ba ya cutar da shi, amma ma'aikaci da mai wucewa ta bayan taga yana cutar da su.

Wa zai biya? Uban da ya sayar da akuyarsa ya sayi magani, yaron kuma ya mutu, ba za a ce ya kawo kuɗin hoto ba. In hukuma ce ke son sanin dalili, hukuma ce za ta ɗauki nauyi.

Idon da zai karanta

Ko an sami wuta, an sami na'ura, an ɗauki hoto, saura babban aiki, watau karantawa. Likitocin karanta hoto kaɗan ne a ƙasar nan, waɗanda suka ƙware a kan yara sun fi ƙaranci, kuma da yawa suna ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada. Dukansu a kan masu rai aka horar da su. Huhun mai rai cike yake da iska, na mamaci ya saɓule ya jiƙe, wanda bai saba ba sai ya rubuta ciwon huhu. Ga mai rai akan ɗura wani ruwa a jijiya domin ya haska hanyoyin jini, ga mamaci zuciya ta tsaya, ba abin da zai tura shi.

Ƙashin yaro ma yana da tarko. Kan jariri ba a haɗe yake ba, akwai maɗiga da layukan da ƙasusuwan ke haɗuwa, waɗanda za a iya ɗauka fashewa ce. Danna ƙirji da ma'aikatan asibiti ke yi domin farfaɗo da yaro yakan tsaga haƙarƙari. Ciwon laushin ƙashi, wanda ke sa ƙafar yaro ta yi baka ko gwame, yana da yawa a wasu sassan Arewa, kuma binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa a wurinmu ƙarancin sinadarin ƙashi a cikin abinci ne babban sababinsa. Amosanin jini, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi, shi ma yana canja kamannin ƙashi. Littattafan da ake koyo da su kuwa galibi da hotunan yaran Turai aka rubuta su. In likita ya ɗauki laushin ƙashi a matsayin duka, to, ya jefa uwa ko kishiyarta a kurkuku a kan laifin da ba a yi ba, kuma wannan ya fi rashin binciken muni. Don haka ƙa'ida ita ce likita biyu su karanta, su kuma zauna da likitan binciken gawa da likitan yara kafin a sa hannu. Sauƙin da aka samu a yanzu shi ne ana iya aika hoto ta intanet, a ɗauka a Minna ko Bida a karanta a Zariya ko Kano ko Abuja cikin sa'a guda.

In magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga kwamfuta, amma da sharaɗin a nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin. Ke nan tilas a rubuta wanda ya kawo gawa, da wanda ya karɓa, da sa'ar da aka ɗauki hoto, da inda aka ajiye shi. Hoton da aka tura wa abokai ta wayar hannu ya zubar da mutuncin mamaci, ya kuma ɓata shari'ar.

Allura da tambaya

Tun da hoto shi kaɗai bai isa ba, sai aka haɗa shi da wasu hanyoyi biyu masu sauƙi. Ɗaya ita ce a yi amfani da allura a ɗebo jini, da ruwan ƙashin baya, da ɗan ƙanƙanin nama daga huhu da hanta da ƙwaƙwalwa, a kai ɗakin gwaji. Ba a yanka, ba a cire wata gaɓa, ramin allurar da ƙyar ake ganinsa, ana kuma iya gamawa a yi jana'iza a ranar. An fi so a yi cikin sa'a 24 da rasuwa. Wani shiri na ƙasa da ƙasa mai suna CHAMPS, wanda aka fara a 2015, ya yi amfani da wannan hanya a Mali da Saliyo da Habasha da Kenya da Mozambik da Afirka ta Kudu da Bangaladesh, daga baya ya shigo Nijeriya ta Bauchi da Kuros Riba. A wani rahotonsa na 2023 a kan yara 632 da suka rasu tsakanin wata ɗaya da shekara biyar, an tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari mutuwarsu irin wadda za a iya kaucewa ce da magani ko rigakafin da ake da shi. An kuma tarar wata ƙwayar cuta mai suna Klebsiella, wadda da ba a cika lissafa ta ba, tana da hannu a fiye da ɗaya cikin huɗu na mutuwar da ƙwayoyin cuta suka jawo. Mali da Bangaladesh ƙasashen Musulmi ne, kuma iyaye da yawa sun yarda, saboda an fara zama da limamai da shugabannin unguwa kafin a taɓa gawa ko ɗaya.

Ɗaya hanyar kuwa ba ta bukatar ko allura. Bayan kwanakin zaman makoki ma'aikaci yakan ziyarci uwa ya yi mata tambayoyi a tsare: kwana nawa ya yi yana zazzaɓi, ya yi jijjiga, wuyansa ya sanƙare, me aka ba shi, ina aka kai shi? Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar da irin wannan bincike a faɗin ƙasa a 2014 da 2019. Ba ta kai gwajin jini tabbaci ba, amma tana isa inda mota ba ta zuwa.

Duk waɗannan hanyoyi a kan amana suke tsaye, amana kuwa an taɓa karya ta. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a 2009. Wanda ya ga wannan, in aka ce masa za a shiga da gawar ɗansa wani ɗaki a rufe ƙofa, dole ya yi tunanin za a cire wani abu. Maganin wannan shi ne a yi wa iyaye bayani da harshensu, a bar wani dattijo na gidan ko limami ko fasto ya tsaya a wurin, a nemi izininsu a rubuce in ba kotu ce ta ba da umarni ba, kuma, abin da aka fi mantawa, a koma a gaya musu abin da aka gano. Uwar da aka gaya wa amosanin jini ne ya kashe ɗanta za ta kai sauran a gwada su, za ta kuma daina zargin maƙwabciyarta.

Abin da ake roƙon jama'a

Kafa cikakken ɗakin hoton gawa a kowace jiha abu ne mai nisa. Amma manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da eksire, kuma ɗiban jini ba ya bukatar wutar Shiroro. Da waɗannan za a fara, a tanadi CT domin shari'o'in da ake zargin duka ko rauni a kai, a manyan asibitocin koyarwa.

Ana roƙon masu unguwanni da dagatai da hakimai, da limamai da shugabannin coci, da ungozomomi da masu wankan gawa, in suka ga yara biyu ko uku sun mutu da alamu iri ɗaya a gida guda ko unguwa guda cikin ɗan lokaci, su sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarsu ko asibiti mafi kusa a ranar, kada su jira na huɗu. In dabbobi ko agwagi suna mutuwa tare da yaran, kamar yadda aka gani a ƙauyukan Zamfara, a faɗa. In yaron ya sha wani magani kafin ya rasu, a ajiye kwalbar da kwalinta, kada a jefar. In mai wanka ya ga tabon duka ko ƙuna ko kumburi a kai, ya dakata ya sanar da mai unguwa, shi kuma ya sanar da 'yan sanda kafin a ɗauki makara. Bayan jana'iza kuma a je ofishin Hukumar Ƙidayar Jama'a da ke sakatariyar ƙaramar hukuma a yi rajistar rasuwar, ko da jaririn bai kai ranar suna ba.